Yadda furodusa ke samun kuɗin asusun CMF na Kanada ta hannun tashar talabijin

A Kanada, kaso mai tsoka na kuɗin da ake tallafa wa shirye-shiryen talabijin na gida sai ya bi ta hannun tasha kafin ya iso ga furodusa. Asusun da ke riƙe da kuɗin shi ne Canada Media Fund, wanda 'yan harkar ke kira CMF a taƙaice. Ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2010, bayan an haɗe tsofaffin asusu biyu, na talabijin da na sababbin kafafen dijital. Daga wuri biyu yake samun kuɗi: gwamnatin tarayya, ta hannun ma'aikatar da ke kula da al'adu, da kuma kamfanonin da ke kai tashoshi gidajen jama'a ta kebul, tauraron ɗan'adam ko intanet. Hukumar CRTC, mai sa ido kan harkar yaɗa shirye-shirye, ta ɗora wa waɗannan kamfanoni ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarsu don shirye-shiryen gida, kuma kaso mai yawa daga ciki asusun yake faɗawa. Karɓar takardu da tantance su kuwa aikin Telefilm Canada ne, hukumar gwamnatin tarayya mai tallafa wa harkar fim, a madadin CMF.

Wannan jagora ta furodusa mai zaman kansa ce da ke zaune a Kanada, ko wanda ke son haɗa gwiwa da na can. Duk kuɗin da za a ambata dalar Kanada ce. Asusun yana sabunta ƙa'idojinsa duk shekara, shekararsa kuma daga 1 ga Afrilu take zuwa 31 ga Maris. Saboda haka kowane adadi, ka gwada shi da kundin ƙa'idojin shekarar da za ka nema a cikinta kafin ka sa shi a kasafi.

Mataki na farko: ka san mene ne ambulan

A farkon kowace shekara CMF yana yanka wa kowace tasha, ko kamfani mai tarin tashoshi, wani kaso na kuɗi. Wannan kason ake kira ambulan. Kuɗin ba ya shiga bankin tashar. Yana nan a hannun asusun, sai dai tashar ce ke da ikon nuna shirin da za a ba da kuma nawa za a ba shi. Idan ta nuna naka, shirin kuma ya cika sharuɗɗa, kamfaninka ake biya kai tsaye. Ba a zaunar da alƙalai su auna ko labarinka ya fi na wani; tashar ta riga ta yanke wannan hukuncin ranar da ta amince za ta saya. Shi ya sa wanda ya kwashe wata uku yana nazarin fom ɗin asusun, bai taɓa zama da jami'in tasha ko ɗaya ba, ya fara ne daga wutsiya.

Girman ambulan yana bin ƙoƙarin tashar a shekarar da ta wuce. Ana duba yawan sa'o'in da masu kallo suka kashe a kan shirye-shiryenta na gida, bisa alƙaluman kamfanin Numeris, ana duba abin da ta saba kashewa, ana kuma duba nawa ta saya daga furodusoshin da ke nesa da manyan cibiyoyi. A ɓangaren shirye-shiryen harshen Ingilishi, shirin yanki shi ne wanda kamfaninsa da aikinsa suke nesa da Toronto da fiye da kilomita 150. A ɓangaren Faransanci daga Montreal ake awo. Wannan ya shafe ka kai tsaye. Idan kamfaninka yana Winnipeg, Halifax ko Calgary, sayen shirinka yana ƙara wa tashar ambulan ɗin baɗi, kuma jami'anta sun san haka. Ka ambata a zaman farko.

CMF yana wallafa jerin tashoshi da abin da kowacce ta samu. Ka sauke shi ka karanta da biro a hannu, don shi zai nuna maka ƙofar da ta cancanci ƙwanƙwasawa.

Mataki na biyu: kamfani da mutanen aiki

Mai nema dole ya zama kamfanin kasuwanci mai biyan haraji a Kanada, hedikwatarsa a can, ikon juya shi kuma a hannun 'yan Kanada. Ƙungiyar sa-kai ko mutum da sunan kansa ba sa shiga wannan tsarin. A dokar, ɗan Kanada shi ne ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin. Bizar karatu ko izinin aiki ba sa wadatarwa, komai daɗewar mutum a ƙasar. Dole kuma ma'aikaci ya zama yana da matsayin tun ranar da ya kama aikin. Daraktan da takardarsa ta fito ana tsakiyar ɗauka ba za a ƙirga shi ba. Wannan yana yawan kama sababbin zuwa, ciki har da 'yan Najeriya da Nijar da Ghana masu gogewa a harkar fim tun daga gida. Mafitar irinsu ita ce su riƙe muƙamin da ba a ba shi maki a ma'aunin da za a bayyana a mataki na uku, su jira takarda.

Al'adar harkar ita ce a buɗe ƙaramin kamfani na musamman ga kowane shiri, da asusun bankinsa daban. Yana sauƙaƙa lissafi, yana kuma hana bashin wani shiri ya cinye wani.

Mataki na uku: shirin ya shiga layi kuwa?

Nau'i huɗu asusun ke ɗauka: wasan kwaikwayo, har da na barkwanci, shirye-shiryen yara da matasa, dokumentari, da shirye-shiryen waƙa, rawa da wasan dandamali. Labarai, wasannin motsa jiki, kacici-kacicin cin kyauta, shirin zaman hira da na talla duk suna waje. Inda ake yawan rikici shi ne dokumentari. Shirin girki, na gyaran gida ko na bin rayuwar mashahurai yana iya kama da dokumentari a ido, amma masu tantancewa suna neman bincike mai zurfi da mahangar mai shiryawa. Idan naka yana bakin iyaka, ka nemi ra'ayin Telefilm a rubuce kafin ka sa hannu da tasha, kada a ƙi shi bayan ka ɗauki ma'aikata.

Sai manyan sharuɗɗa uku. Na ɗaya, maki goma cikin goma a ma'aunin ofishin CAVCO, mai tantance kanadancin shiri. Darakta maki 2 ne, marubuci 2, sannan maki ɗaiɗai ga babban jarumi, jarumi na biyu, mai tsara wuraren ɗauka, babban mai ɗaukar hoto, mai tsara kiɗa da edita. Dokumentarin da ba shi da jarumi ko mai tsara wuri, ana neman duk muƙaman da yake da su su kasance a hannun 'yan ƙasa. Ka lura, rangwamen harajin tarayya, wato kuɗin da gwamnati ke mayar wa kamfanin shiri ta hannun hukumar haraji, maki 6 kawai yake nema, shi ya sa wasu ke ɗauka sun tsallake alhali ma'aunin CMF ya fi tsauri. Kowane mai riƙe da irin wannan muƙami ya nemi lambarsa ta CAVCO tun da wuri, domin lambar mutum ɗaya tana iya tsayar da fayil gaba ɗaya.

Na biyu, mallakar labarin da raya shi su zama na 'yan Kanada. A nan za a buƙaci jerin takardun mallaka ba tare da giɓi ba: daga wanda ya fara ƙirƙiro labarin, zuwa marubuci, zuwa babban kamfaninka, zuwa ƙaramin kamfanin shirin. Alkawarin baki tsakanin abokai ba ya cikin jerin. In abokinka ne ya kawo tushen labarin, ku rubuta ku sa hannu yau, tun kuɗi bai shigo tsakani ba.

Na uku, a ɗauki shirin a Kanada, labarin kuma ya gudana a can galibi. Dokumentari yana da sassauci idan maudu'in ne ya tilasta fita waje. Wanda zai bi wani Bakanade ɗan asalin Kano ko Agadas zuwa garinsu yana iya kafa hujja da wannan. Sai dai ya riƙa ƙirga abin da yake biyan ma'aikatan can, domin CAVCO na neman aƙalla kashi 75 cikin 100 na kuɗin hidimar shiryawa ya tafi ga 'yan Kanada, kashi 75 na aikin tacewa da haɗawa kuma a yi shi a cikin ƙasar.

Mataki na huɗu: neman tasha

Manyan masu saye su ne CBC da Radio-Canada, Bell Media mai CTV da Crave da Noovo, Corus mai Global, Rogers mai Citytv da OMNI, da TVA a Quebec. Ga sabon furodusa, mun fi ba da shawarar ya fara da matsakaita: TVO da TFO a Ontario, Knowledge Network a British Columbia, Télé-Québec, AMI mai shirye-shirye don masu buƙata ta musamman, ko APTN idan shirin na 'yan asalin ƙasar ne kuma su ke jagorantarsa. Ambulan ɗinsu bai kai na manya ba, amma ganin mai yanke shawara ya fi sauƙi.

Kafin ka aika komai, ka kalli abin da tashar ta haska cikin shekara biyu da suka wuce, ka gano gurbin da naka zai zauna: wace rana, wane lokaci, minti nawa. Kayan gabatarwa su ne bayanin shirin a shafi ɗaya, cikakken tsari na shafi biyar zuwa goma, sunayen manyan ma'aikata, taƙaitaccen kasafi, da ɗan bidiyon gwaji na minti biyu ko uku. A dokumentari, ka haɗa da takardar amincewar mutanen da za a ɗauka, don ita ce tambayar farko da za a yi maka.

Wuraren haɗuwa sanannu ne: taron Prime Time da ƙungiyar furodusoshi ta CMPA ke yi a Ottawa a farkon shekara, bikin Hot Docs a Toronto wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, da taron Banff a watan Yuni. Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Tashoshi sukan yi alkawarin yawancin ambulan ɗinsu tun kafin shekarar ta yi nisa, wasu ma tun kafin a bayyana adadin. Wanda ya zo a watan Satumba yana neman kuɗin bana, sau da yawa sai a ce masa ya tari baɗi.

Idan tasha ta nuna sha'awa amma ta ce labarin bai nuna ba, ka tambaye ta kuɗin raya labari. CMF yana da tallafi na wannan mataki, shi ma da sa hannun tasha. Bashi ne, ana mayar da shi idan aka shiga ɗauka, don haka ka sa shi cikin kasafin shiryawa tun farko.

Mataki na biyar: yarjejeniya da tashar

A nan ne ake ci ko a faɗi. Adadi biyu ake ciniki a kansu, kada ka bari a cakuɗa maka su. Akwai kuɗin haƙƙin haskawa, wanda tashar ke biya daga aljihunta. Akwai kuma abin da za ta yanka maka daga ambulan, wanda ba kuɗinta ba ne. Idan jami'i ya ce za su sa dala dubu 200 a shirin, ka tambaya nan take: nawa daga ciki kuɗin haskawa ne, nawa na ambulan?

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ambulan ba ya buɗuwa sai kuɗin haskawar ya kai wani mafi ƙarancin adadi da asusun ya gindaya, wanda ya danganta da nau'in shiri, harshensa da girman kasafinsa. A babban wasan kwaikwayo mai dogon zango na Ingilishi, adadin ya daɗe a kan dala 315,000 kowace awa. Na dokumentari da na yara sun yi ƙasa da haka sosai. Dole kuɗin ya zama tsaba. Idan tasha ta ce za ta ba ka situdiyo, tsofaffin hotunan ma'ajiyarta ko lokacin talla a madadin wani ɓangare, wannan ba ya shiga lissafin. An yarda tashoshi biyu ko fiye su haɗa kuɗi su kai adadin, ɗaya ta fara haskawa ɗaya ta biyo baya. Ƙananan tashoshi suna yawan yin haka, kuma kai ne za ka haɗa su, ba za su nemi juna don kai ba.

Yarjejeniyar ta ƙunshi alkawari maras sharaɗi cewa tashar za ta fitar da shirin cikin wata 18 da miƙa shi, da rubutun fassarar magana a allo don kurame. Idan a talabijin za a fara haskawa, galibin nau'o'i ana nema a sa su a lokacin da aka fi kallo, ƙarfe 7 zuwa 11 na dare. Na yara suna da nasu lokacin. Kalmar "idan tashar ta ga dama" ko "idan an samu gurbi" a wannan sakin layin tana iya sa a mayar maka da fayil.

Wa'adin haƙƙin ma yana da iyaka: shekara 7 a wasan kwaikwayo na Ingilishi, 5 a na Faransanci, 6 a sauran nau'o'i. Wa'adin yana fara ƙirguwa ne daga ranar da ka amince da tashar a cikin yarjejeniya. Amfanin wannan shi ne tasha ba za ta ajiye shirinka a kabad ta hana ka sayar da shi har abada ba.

Sai sauran haƙƙoƙi, kamar sayarwa ko haya ta intanet. Ƙa'ida ita ce a ambaci kowanne daban, a yi masa farashi daban, kada a cusa shi cikin kuɗin haskawa. Haƙƙin sayarwa a ƙasashen waje kuma ka riƙe shi da kyau, domin shi ne abin da zai ciyar da kamfaninka bayan an manta da haskawar farko. Lauyan da ya san harkar nishaɗi yana da tsada, amma a ganinmu wannan takardar ba wadda za a sa wa hannu ba ce sai ya karanta.

Ka yi ciniki kan jadawalin biya ma. Tashoshi sukan raba kuɗinsu kashi-kashi: sa hannu, fara ɗauka, tacewar farko, tacewar ƙarshe, miƙawa. Duk abin da ka jawo gaba ya rage maka kuɗin ruwan banki.

Mataki na shida: haɗa tsarin kuɗi

Gudummawar CMF iri biyu ce. Kashi na farko ciko ne a kan kuɗin haskawa, har zuwa kashi 20 cikin 100 na kasafin da aka amince da shi, kuma ba a mayar da shi. Abin da ya haura haka jari ne: asusun ya zama mai rabo a kuɗin da shirin zai samu nan gaba. Duka biyun a haɗe ba sa wuce kashi 49.

Bambancin nan yana taɓa harajinka. Rangwamen tarayya kashi 25 cikin 100 ne na kuɗin ƙwadagon 'yan ƙasa, amma ƙwadagon da za a ƙirga ba ya wuce kashi 60 na kasafi bayan an cire tallafin gwamnati. Ciko ba a ɗauke shi tallafi ba a dokar haraji. Jarin CMF da rangwamen lardi kuwa ana cire su.

Ga misali na ƙiyasi. A ce dokumentari ne mai kashi uku, kasafinsa dala miliyan 1, ƙwadagonsa dala 550,000. Tasha ta biya 300,000. Ta yanka maka 320,000 daga ambulan, wato ciko 200,000 da jari 120,000. A ce rangwamen lardi ya kama 180,000. Don gano na tarayya, cire 180,000 da 120,000 daga miliyan 1, saura 700,000. Kashi 60 na wannan shi ne 420,000. Ƙwadagonka ya fi haka, saboda haka a nan za a tsaya. Kashi 25 na 420,000 shi ne 105,000. Jimilla kana da 905,000, saura giɓin 95,000. Wanda bai yi wannan cirewar ba zai rubuta 137,500, wato kashi 25 na 550,000, a matsayin rangwamen tarayya, sai bayan an gama aiki ya tarar da ramin dala 32,500 da babu mai cike masa.

Rangwamen larduna ya bambanta. Na Ontario kashi 35 ne na ƙwadagon mazauna lardin, da ƙarin kashi 10 ga aikin da aka yi a wajen yankin Toronto. Na Manitoba yana farawa daga kashi 45 na albashi. Kowane lardi yana da nasa ma'anar "mazauni", yawanci bisa inda mutum ya biya haraji, don haka ka karɓi shaidar zama daga kowane ma'aikaci ranar da ya kama aiki. Bin mutane bayan an watse wahala ce.

Giɓin da ya rage ana cike shi daga asusu masu zaman kansu irin su na Rogers, Bell Fund, Shaw Rocket Fund na shirin yara, ko TELUS Fund na shirin lafiya. Ko kafin-alƙalami daga kamfanin rarrabawa. Ko tasha ta waje. Hanya ta ƙarshe ita ce furodusa ya jinkirta karɓar ladansa. Mutane da yawa suna yin haka a shirin farko, amma ladan da aka jinkirta sau da yawa ba ya dawowa, kuma dama an ƙayyade shi: ladan furodusa da kuɗin tafiyar da ofis ba sa wuce kashi 20 na kuɗin ɗauka da tacewa, ko kashi 30 a shirin da kasafinsa bai kai 500,000 ba.

A kasafin, kada ka manta da mafi ƙarancin albashin ƙungiyoyin ma'aikata, irin su ACTRA ta 'yan wasa da ƙungiyoyin marubuta da daraktoci, da inshorar da ke kare shiri daga ƙarar ɓata suna ko satar fasaha, wadda tasha ba ta karɓar shiri sai da ita, da kuɗin bayanin hoto da murya don makafi.

Mataki na bakwai: shigar da takardu

Ana yin komai ta manhajar Telefilm mai suna Dialogue. Ka buɗe rajista makonni kafin buƙata, domin tantance wakilin kamfani yana ɗaukar lokaci. A ciki ake cike fom ɗin amincewar tasha, wanda ke ɗauke da kuɗin haskawa, adadin ambulan da wa'adi. Kai ka cike, tashar ta tabbatar. Duk adadin da ke fom ɗin ya yi daidai da na yarjejeniya da na tsarin kuɗi, har dala ɗaya. Saɓani tsakanin waɗannan ukun yana cikin abubuwan da suka fi jawo jinkiri. Manyan ma'aikata kuma za a nemi lambarsu ta PERSONA-ID, tsarin da asusun ke tattara bayanan jinsi da asali da shi.

Akwai ranakun rufewa a ƙarshen shekara, na farko wajen Oktoba, na ƙarshe wajen Disamba, amma tashar tana da nata wa'adin na cikin gida da ya riga waɗannan. Dole a fara ɗauka cikin shekarar da aka ba da kuɗin, ko cikin wata uku bayanta. A daidai wannan lokacin ka nemi takardar CAVCO ta farko, mai shaida cewa shirin ya cancanci rangwamen harajin tarayya, don banki zai tambaye ta.

Mataki na takwas: kuɗin riƙon ƙwarya

Tsarin kuɗi yana iya cika a takarda alhali asusun banki fayau yake. CMF yana biyan kaso mafi yawa bayan sa hannu, ya riƙe saura sai an miƙa lissafin ƙarshe. Rangwamen haraji kuwa sai shekarar kuɗin kamfanin ta ƙare, an shigar da takardun haraji tare da fom T1131, hukumar haraji ta duba, sannan a biya. Hakan yana iya kai shekara ko fiye bayan ka sallami ma'aikata. Shi ya sa ake cin rance a kan waɗannan alkawura, daga bankuna masu sashen fim kamar RBC da National Bank, ko Rogers Telefund. Banki ba ya ba da dukkan abin da ake sa rai, yana rage wani abu don kariya. Ka zana jadawalin shige da ficen kuɗi mako-mako, ka sa kuɗin ruwa da na lauyan banki a kasafi. Dabara ɗaya mai amfani: ka zaɓi ƙarshen shekarar kuɗin ƙaramin kamfanin ya faɗo jim kaɗan bayan an gama kashe mafi yawan kuɗi, sai rangwamen ya iso da wuri.

Masu shirin intanet da masu wasu harsuna

Ba sai shiri ya hau allon talabijin ba. Dandalin intanet mallakar tashoshin Kanada, kamar CBC Gem, Crave da ICI Tou.tv, suna iya sayen shiri su buɗe masa ambulan. Wasannin kwamfuta da manhajoji kuwa suna da nasu ɓangaren, wanda gasa ce ta kai tsaye ba tare da tasha ba. Manyan dandalin waje sun shigo maganar ne bayan dokar yaɗa shirye-shirye ta intanet ta Afrilu 2023. A Yuni 2024 CRTC ta umarci masu samun dala miliyan 25 ko fiye a shekara a Kanada su ba da kashi 5 na kuɗin shigarsu na can, wani ɓangare ga CMF, amma kamfanonin sun kai ƙara kotu. Kada ka gina kasafi a kan wannan kuɗin.

Akwai kuma shirin asusun na harsunan da ba Ingilishi, Faransanci ko na 'yan asalin ƙasar ba. Ta nan ne shirin Hausa zai iya shiga, muddin kamfanin da ma'aikatan sun cika sharuɗɗan da aka ambata, kuma wata tasha, irin OMNI mai watsa shirye-shirye da harsuna da yawa, ta saya. Haka nan akwai kaso na musamman don kamfanonin baƙaƙen fata da sauran tsirarun al'ummomi. Waɗannan ana tantance su ne da gasa ko da riga-riga, kuɗinsu kuma yana ƙarewa da wuri, don haka fayil ya zama a shirye kafin ranar buɗewa. Furodusan da ke wata ƙasa yana iya shigowa ta yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin gwamnatoci, wadda Kanada ke da ita da ƙasashe sama da 50, ciki har da Afirka ta Kudu da Maroko. Ɓangaren Kanada na kasafin kaɗai asusun ke tallafa wa.

Mataki na tara: bayan an miƙa shiri

Tambarin CMF da na rangwamen haraji su fito a jerin sunayen ƙarshe yadda aka tsara; ka aika a duba kafin a kulle hoto, don gyara daga baya kuɗi ne. Sai lissafin ƙarshe. Shirin da ya kai dala 500,000 dole akanta mai zaman kansa ya yi masa cikakken bincike. Idan abin da aka kashe bai kai kasafi ba, asusun yana iya rage nasa kason, domin iyakar kashi 20 da 49 a kan ainihin kuɗin ake sake auna su. Kuɗin da ka biya wani kamfaninka ko ɗan'uwanka, kamar hayar kyamara ko ɗakin tacewa, sai ka bayyana shi kuma ya zama a farashin kasuwa.

Takardar CAVCO ta biyu, ta kammalawa, ana nemanta cikin wata 24 daga ƙarshen shekarar harajin da aka fara ɗauka a cikinta. Ana iya tsawaitawa zuwa wata 42 idan an shigar da takardun da hukumar haraji ke buƙata. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, za a soke takardar farko, a nemi ya mayar da rangwamen da ya karɓa. Dokar ta kuma ce mallakar shirin ta zauna a hannun kamfanin Kanada shekara 25, saboda haka duk cinikin da za ka yi da mai saye na waje ya zama na izinin haskawa, ba na sayar da mallaka ba.

Idan akwai jarin CMF a shirin, za ka ci gaba da aika rahoton ciniki a lokutan da yarjejeniya ta ambata, ko da ba a sayar da komai ba, tare da kason asusun idan an samu. Kamfanin da ya yi sakaci da wannan ana sa shi cikin masu saɓa alkawari, kuma hukuncin yana shafar duk kamfanonin da ke da alaƙa da shi: za a dakatar da biyan kuɗin sauran shirye-shiryensa, a kuma ƙi karɓar sabuwar buƙata har sai ya gyara. Ka sa ranakun rahoton a kalandar ofis, ka damƙa wa mutum ɗaya alhakinsu tun kafin ma'aikatan shirin su watse.